Lambar Inna a Rasit Ɗari Uku da Sha Biyu

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 7:20 na safe

Manaja ya kira ni sau uku tun ban gama wanke baki ba. Ban ɗauka ba. Na san abin da zai ce, na kuma san muryar da zai faɗe shi da ita, muryar mutumin da ya daɗe yana jiran wannan ranar.

Bari in rubuta yadda abin yake tun kaina bai ɗau zafi ba, don na ga alamar za a murɗe maganar. Wata takwas ke nan da Mai Kamfani ta ɗauke ni in tsara mata harkar kwamfuta. Kamfanin wanki da guga ne, reshe huɗu, kuma lokacin da na zo babu reshen da ya san abin da ɗan'uwansa ke ciki. Da bakinta ta ce mini abu biyu take so: ta san abin da ke faruwa a kowane reshe ba sai ta je ba, sannan a samar mata wurin ƙarin injin wanki biyu. Na zauna na rubuta tsari mai shafi arba'in da biyu, na haɗa manhaja, kowane kaya ya samu lamba, kowane rasit ya ɗauki lambar wayar mai shi. Manhajar ce ta nuna mana cewa sito ya cika da kayan da aka wanke aka goge, masu su ba su zo ɗauka ba, wasu har shekara. To ga wurin inji nan, me kuma ake nema? Aka tura wa kowa saƙo cewa kayanka sun wuce kwana casa'in, ka zo cikin mako biyu ko a bayar da su. Mako biyu ya cika har da ɗoriyar kwana biyar. Shekaranjiya aka ɗure abin da ya rage a buhu ashirin da uku, motar wata ƙungiyar agaji ta zo ta kwashe.

Ina laifin tsari a nan? A nuna mini.

Litinin, ƙarfe 5:40 na yamma

Na je reshenmu na bakin tasha, don buhu sha tara daga can suka fita. Tun daga ƙofa nake jin hayaniya. Direbobi ne sun fi goma, a gabansu wani direban tirela da suke ce wa Dogo.

Ya ce, "Kai ne mai kwamfutar?"

Na ce ni ne.

"Kayana na fita kunya kala shida. Ranar Asabar 'yata za ta karɓi shaidar gama makaranta. Da wannan rigar mai baƙin mai zan je?"

Na ce masa cikin mutunci, "Malam, an tura maka saƙo har sau huɗu."

Sai ya zaro wayarsa ya danna mini a ƙirji. "Nuna mini shi. Ga ta nan, nuna mini!"

Na duba. Babu.

Inna tana bayan kanta tana ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa. Shekararta sha tara a wannan kantar, har Mai Kamfani ma Inna take ce mata. Na gaishe ta, ta amsa, amma ba ta ɗago ta dube ni ba.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe 1:00 na rana

Mutane sai kwashe kayansu suke suna tsallaka titi zuwa shagon wankin da ke kallon namu. Sito ya yi fili, ba ga shi ba. Kowa ya huta.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe 4:15 na yamma

An yi zama. Mai Kamfani, Manaja, Inna, da ni. Manaja ya shigo da takardu a rungume, har da sabuwar riga.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, na gano inda matsalar take. Rasit ɗari uku da sha biyu na reshen tasha, duk lambar waya ɗaya ce a jikinsu. Lambar Inna. Duk saƙon da aka tura, wayarta ya shiga. Ta yaya masu kaya za su sani?"

Inna ta ce, "Na'urar ba ta yarda a fitar da rasit sai da lamba. Direba ga motarsa tana ci a waje, wani ba ya riƙe da lambarsa a ka, wani layinsa uku, gobe ya canja. In tsayar da mutum a kan wannan?"

Manaja ya ce, "Da kika ga saƙon fa, sai kika yi shiru?"

Mai Kamfani ta juyo gare ni ta ce, "Injiniya, haka ne?"

Na ce, "Haka na'ura ta nuna."

Kuma haka ta nuna ɗin. Ban yi ƙarya ba, ko kalma ɗaya. An tambaye ni game da lambobi, na ba da amsa game da lambobi.

Mai Kamfani ta ce Inna ta je gida ta huta zuwa ashirin da ɗaya ga wata, ranar za a sake zama a yanke ko za ta ci gaba da aiki ko a sallame ta. Inna ta ɗauki jakarta ta ce Allah ya kai mu. Fankar ofishin nan tana wata irin ƙara, na yi magana tun wancan watan, ba wanda ya kula.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe 7:30 na yamma

Ashe ko a gidana ban tsira ba. Ina ba matata labari, ina nuna mata yadda mutane ba sa gane abu mai sauƙi, sai ta ajiye abin da take yi ta miƙo mini wayarta.

"Injiniya, karanta."

Saƙona ne. Sau huɗu.

Na ce, "Ke kuma me ya kai ki?"

Ta ce, "Bargunanmu uku da labulen falo, a ina kake zaton suke kwana duk lokacin zafi? A ɗaki biyun nan da ko keken yara sai an rataye shi a bango? Shekara huɗu ina barinsu a reshen kusa da mu. Sanyi ya zo in ɗauko. Ai don haka nake kai musu wanki, ba don sun fi kowa iya guga ba."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Ka tambaye ni? Wata takwas kana zana akwatuna da kibiyoyi a kan teburin cin abincina. Na ga saƙo, na je na kwaso kayana, ga su can ƙarƙashin gado, in ka ga dama ka ba su lamba."

Daga nan ta yi mini wankin babban bargo, yara suna leƙe suna dariya. Na ce mata ita ba ta san tsarin kasuwanci ba. Ta ce haka ne, ita kwastoma ce kawai.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe 3:00 na rana

Na yini a ma'ajiyar ƙungiyar agajin. Mutanen kirki ne, abin ya ma fi ba ni haushi, don ban samu wanda zan yi wa faɗa ba. Sun riga sun raba buhu sha huɗu. Tara suka rage, suka ce in ɗauka. Sai dai sun cire duk ledoji da lambobin da ke jiki, sun ware riguna gefe, wanduna gefe. Wadda ke kula da wurin ta nuna mini takardar da aka ba su ta ce, "Ga sa hannun jami'inku nan, mu ba mu ɗauki komai a ɓoye ba." Na ce na gani, ta mayar da ita cikin fayil.

Yanzu ina da buhu tara na kayan da ba wanda ya san masu su. Manhajata ta san riga fara guda ɗari da wani abu ce, amma ba ta san wace fara ce ta wa ba. Mai guga ya ce in da Inna na nan da ido kawai za ta ware su. Ban tambaye shi ra'ayinsa ba.

Yau ne taron makarantar 'yar Dogo.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe 8:00 na safe

Akwai maganar da zan yi wa Mai Kamfani. Gobe.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe 12:30 na rana

Na hau sama na ƙwanƙwasa. Manaja na zaune a ciki, ya harɗe ƙafa yana shan shayi. Mutumin nan ba shi da ofis ne? Mai Kamfani ta ce, "Injiniya, da magana?" Na ce eh, intanet ɗin reshe na uku yana yawan yankewa. Ta ce in kira masu shi. Na ce to.

Kuma yana yankewa ɗin.

Gobe ba ta nan, jibi kuma ina reshen tasha.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe 6:50 na yamma

Babu mai riƙe kantar tasha, wadda aka turo daga wani reshe ta ce ba za ta iya da zagin direbobi ba, don haka Manaja ya ce tunda ni na ƙirƙiro abin in je in tsaya. Ya ɗauka horo ya yi mini. Na tsaya daga safe har aka rufe, ƙafafuna kamar ba nawa ba.

Ga abin da na gani. Wata ma'aikaciyar asibiti ta zo ta ce a ba ta farin kayanta kala ɗaya, sauran huɗu a bar mata. Na buɗe manhaja, babu yadda za a yi a ba da kala ɗaya a bar huɗu, ko duka ko babu, haka na gina ta. Wasu samari huɗu da ke haya a ɗaki ɗaya sun ce nan ne durowarsu, a ɗakin ko ƙusa babu wurin bugawa. Wani direba ya ce shi gidansa kujerar motarsa ce, yana zuwa ya canja kaya a bayan labulen nan ya bar masu datti. Ya ce, "Inna ba ta taɓa ce mini kayana sun daɗe ba." Mutum tara ne suka tambaye ni yaushe za ta dawo.

Wato rabin kwastomomin reshen nan ba wanki ne ya kawo su ba, ajiya ce. Wankin kawai suke biya don su samu inda za su bar kayansu. Ɗakin da na kira ɓarnar wuri a shafi na sha ɗaya, shi ne ke riƙe da reshen. Kamfani na sayar da abin da shi kansa bai san yana sayarwa ba! Shekara da shekaru, ba wanda ya rubuta wannan ko a bayan rasit. Manaja bai sani ba, Mai Kamfani ba ta sani ba, kuma ba wanda ya ga dama ya faɗa mini.

An faɗa mini.

Kwana biyu da fara tura saƙon, Inna ta hau matakalar ofishina, hawa biyu, da gwiwar nan tata. Ta ajiye wayarta a kan teburina tana ta ƙara kamar za ta fashe. Ta ce, "Ɗana, duk wayata suke shigowa. Mutanen nan suna hanya, kayansu ajiya ce, kada a taɓa." Ina tsakiyar haɗa hotunan da zan nuna wa Mai Kamfani ta majigi. Na ce, "To Inna, zan duba." Ban duba ba. Ranar da mota ta zo kuma Inna na hutunta na mako, ni na sa hannu.

Na rubuta ke nan. Kunya nake ji ko a gaban takarda.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe 10:00 na safe

Na gaya wa matata, na ɗauka zan ji sauƙi. Sai ta ce, "Ita Mai Kamfanin ka gaya mata?"

Na ce ina neman lokacin da ya dace.

"Kwana goma kana nemansa. Ina ya shiga?"

Na ce ta yi tunani, in aka kore ni fa? Yara uku, aikin da na yi shekara ina nema. Ta ce ta yi tunanin, ta fi ni yi ma, ita ke riƙe da gidan. Ta ce, "Ni zan iya zama da mijin da aka kora. Wannan da kake nema ka zama ne ban sani ba."

Na fita na zaga layinmu sau biyu na dawo. Mutum ba shi da ikon tsara maganarsa a hankali kuma?

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe 2:20 na rana

Na yi dabara. Na ce in fara kai mata labari mai daɗi, in ranta ya yi sanyi sai in ɗora ɗayar maganar a kai. Na yini jiya ina rubuta sabon tsari, shafi uku kacal. A bar maganar inji a reshen tasha. A kafa kantoci a sito, kowane mai ajiya da gurbinsa. Manhaja ta yarda a ɗauki kala ɗaya a bar sauran, ta kuma daina tilasta lambar waya. A daina tura wa mai ajiya saƙon kora.

Mai Kamfani ta karanta sau biyu, ta cire tabarau ta ce, "Wannan shi na ɗauke ka ka yi tun farko. Yaya aka yi ka gano?"

Na ce, "Na tsaya a kanta ne, ranki ya daɗe."

Ta yi ta sa mini albarka, har ta kira Manaja ta ce ya zo ya ga aiki. Fuskarsa kaɗai ta isa a biya mutum wahalar mako biyu. To a cikin wannan yanayi ta ina zan soma? Na ce a raina saura kwana huɗu, akwai lokaci.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe 9:10 na safe

Gobe, wallahi.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe 11:45 na safe

Na faɗa. Na shiga ban ko zauna ba, Manaja na nan ko ba ya nan ban duba ba, ashe yana nan. Na ce Inna ta zo ofishina da wayar tun kwana na biyu, ta gargaɗe ni, na ce zan duba ban duba ba, ni na tilasta lamba a manhaja, ni na sa hannu a takardar buhunan. Minti ɗaya bai cika ba na gama. Abin da na yi kwana sha biyar ina ɗauke da shi ke nan.

Mai Kamfani ta buɗe aljihun tebur ta fito da makullai ta ajiye a gabana.

Ta ce, "Shekaranjiya Inna ta kawo su. Ta ce ba za ta zauna a yi mata shari'a kamar ɓarauniya ba. Sau biyu na tambaye ta ko ta gaya wa wani game da saƙon, ta ce abin da ya wuce ya wuce."

Manaja ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu ya rufe.

Na ce in za ta sallame ni ba zan ce ta zalunce ni ba. Ta ce, "In sallame ka ka je ka huta, ka bar ni da buhu tara da reshen da ya mutu? Ka tashi ka je ka dawo mini da ita."

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

Mai guga ne ya kwatanta mini gidan. Na ɗauki buhu biyu a bayan mota, don ban san da me zan shiga ba. Inna ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta tambayi yara da mahaifiyarsu. Da ta zage ni da ya fi mini.

Na faɗa mata duk abin da na faɗa wa Mai Kamfani, na ce ana roƙonta ta dawo, na nuna mata shafi ukun. Ta saurara har na gama. Ta ce, "Tsarin ya yi kyau. Ka ƙara da labule mai kauri, na wurin canja kayan ya tsufa."

Sai ta ce in zazzage buhunan. Ta riƙa ɗaga riga tana duba wuya da bakin hannu tana faɗin mai ita, ni ina rubutawa. Wannan ta mai ƙona aljihu da sigari ce, wannan ta wanda kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya ce. Ta ware kala biyu ta ce na Dogo ne, sauran huɗun sun tafi. Ta ce in kawo bakwai ɗin da suka rage ranar Talata, za ta ware su saboda masu su.

Na ce, "Inna, maganar dawowar fa?"

Ta ci gaba da ninke wani wando har ta gama, ta ɗora shi a kan 'yan'uwansa.

"Ɗana, kuskuren na'ura bai dame ni ba, kowa na yi. Ranar da aka zaunar da ni, da aka juyo aka tambaye ka, na dube ka. Jira nake ka ce Inna ta zo. Ko ba ka ƙara komai a kai ba, da ya ishe ni. Shekara sha tara, ban taɓa ɓatar da ko hankici ba, ga ni a gaban mutane ana karanta lambata."

Na ce na yi nadama.

Ta ce, "Na sani, ai ga ka nan. Na yafe maka. Amma ba zan iya sake tsayawa a kantar nan ba."

Ta rako ni har bakin ƙofa, ta ce in yi tuƙi a hankali.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe 8:05 na safe

Sabuwar mai kanta ta fara yau, kuma manhajar ba ta karɓar mutum biyu a gurbi ɗaya, haka na gina ta. Sai na cire sunan Inna kafin in saka nata. Na danna, allon ya tambaye ni ko na tabbata. Na zauna ina kallonsa har Manaja ya leƙo ya ce ana jira a reshe, kwastoma na tsaye.

Na danna eh.